Tukunyar Suyar Iska: A San Halinta Kafin A Zuba Mata Kuɗi

Wannan shi ne jawabin da wata 'yar'uwarmu, malamar koyar da girke-girke da tattalin gida, ta gabatar a wajen taron reshen mata na ƙungiyarmu a nan Legas. Mun buga shi kamar yadda ta faɗe shi, domin amfanin waɗanda ba su sami damar halarta ba.



Hajiya shugabar taro, iyayenmu mata da ke zaune a sahun gaba, wakilan 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Mil 12, yayyena da ƙannena, har da iyayenmu maza ƙalilan da na hango can baya kusa da ƙofa, ina yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan an baro gida lafiya.

Kwamiti ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan wata tukunyar lantarki da ta shigo mana gidaje a 'yan shekarun nan, wadda 'yan kasuwa ke kira eya-firaya, mu kuwa yau za mu kira ta tukunyar suyar iska. Dalilin zaɓen wannan magana a fili yake. Tukunyar nan ta fara shiga jerin kayan ɗakin amare, har ta kai wasu iyaye suna cin bashi su saya don kada a ce 'yarsu ta rasa. Wasu an kawo musu ita tsaraba, sun gwada sau ɗaya abin bai yi daɗi ba, suka mayar da ita cikin kwalinta suka ɗora a kan kabad. Wasu kuma likita ne ya ce maigida ya rage cin maiƙo saboda hawan jini ko ciwon zuciya, suna tambaya ko ita ce mafita. Ga kuma farashin man gyaɗa, wanda ba sai na gaya wa kowa ba, tunda duk cikinmu babu wadda ba ta zuwa cefane ko aikawa.

To, magana ɗaya nake so kowace mace ta tafi da ita gida yau. Sunan suya aka laƙaba wa wannan tukunya, amma ainihin aikinta gashi ne. Ƙaramin tanderu ce mai fanka a ciki. Duk wadda ta riƙe wannan, da kanta za ta gane abincin da zai yi kyau a ciki da wanda zai ɓata mata rai, ko da ba ta taɓa buɗe littafin girki ba.

YADDA TAKE AIKI

Irin wannan mai kwando da muke gani a kasuwa, kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da ita, ya nuna ta a wani bajen kolin kayan lantarki a birnin Balin na ƙasar Jamus a shekarar 2010. Daga baya kamfanoni da yawa suka shiga yin ta, kowa da fasalinsa, amma cikinta duk ɗaya ne.

In kika zare kwandon kika leƙa sama, za ki ga wani naɗaɗɗen ƙarfe irin na rishon lantarki, shi ne ke yin zafi. A samansa akwai fanka mai ƙarfi wadda ke hura zafin nan ƙasa, ya ratsa abincin da ke cikin kwando mai huje-huje, ya zagayo ya sake hawa. Galibinsu zafinsu yana farawa daga digiri 80 ya tsaya a 200. A kasko, tafasasshen mai ne ke kai zafi jikin abinci ta kowane ɓangare. A nan kuwa iska ce ke yin wannan aiki, shi ya sa babban cokali 1 na mai ya ishi rabin kilo na dankali.

Daga wannan bayani ne ƙa'idojin aiki da ita suka fito, kuma guda huɗu ne kacal.

Ta farko, kada a cika kwando. In kika jibga abinci har baki, iska ba ta da hanyar wucewa, na sama ya ƙone, na tsakiya ya dahu da tururi ya yi laƙwas. Gara ki raba shi zubi biyu.

Ta biyu, a tsane ruwa. Duk abin da ya shiga a jiƙe, sai iskar ta gama busar da ruwan kafin ta fara gasa shi. Don haka dankali ne, ko kifi, ko kaza, ki goge shi da tsumma mai tsabta kafin ki sa.

Ta uku, mai a jikin abinci ake shafawa, ba a tsiyaya shi cikin tukunyar. Ki zuba abincin a roba, ki yayyafa man, ki cuɗanya da hannu har ko'ina ya samu.

Ta huɗu, in an kai rabin lokaci, a zaro kwando a girgiza, ko a juya abincin. Buɗewa ba ta ɓata komai, ba kamar kek ba ne da zai faɗa.

LISSAFIN WUTA

Kafin mu kai ga girki, bari mu tsaya a kan wuta, domin nan ne gizo ke saƙar. Yawancin tukwanen nan suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, wato kusan daidai da dutsen guga mai ƙarfi ko butar dafa ruwa ta lantarki. Mu ɗauki mai wat 1,500. In ta yi awa 1 tana aiki ba tsayawa, ta sha yunit 1 da rabi. Suyar minti 20 ke nan rabin yunit. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin yunit Naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. A wannan farashi, suyar minti 20 ta tashi Naira 112 da kwabo 50. Kowa ta duba rasidin mitarta ta ga nawa ake sayar mata da yunit yau, ta buga nata lissafin, sannan ta kwatanta da kuɗin man da kasko ke sha da na gas ko gawayi.

Za ku ga cewa ga ƙaramin gida, mutum 2 zuwa 4, masu wuta a tsaye, lissafin yana fita. Amma ga gidan da ake sauke wa mutum 15, abin ya sha bamban. Tukunya mai lita 4 ba ta ɗaukar fiye da cinyoyin kaza 4 ko 5 a lokaci guda. Kafin ki gama zubi na huɗu, na farko ya huce, yara sun gaji da jira, wuta kuma ta ninka sau huɗu. Babban gida dai babban kasko.

Sai maganar janareta. Ƙaramin janaretan nan da ya cika unguwanninmu, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, saboda haka ba zai ja ta ba, kada ma a gwada. Masu sola da inbata kuma su tambayi wanda ya haɗa musu tukuna, domin tukunyar nan tana zuƙe batir da sauri. Wadda unguwarsu sai a kwana biyu ba a ga ƙyallin wutar kamfani ba, wanda har yau bakinmu bai daina kira NEPA ba, to shawarata ita ce ta riƙe kuɗinta ta cika tukunyar gas.

IN ZA A SAYA

Wadda ta buga lissafi ta ga ya fita, in ta je Alaba ko wani kanti, abu na farko shi ne ta kifa tukunyar ta karanta rubutun da ke gindinta. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, don haka ki nemi wadda aka rubuta 220 zuwa 240. Kayan Amurka 120 ne, kina jona su a soket ɗinmu sun ƙone ke nan. Ga wata alama mai sauƙi: in kika ga lambobin zafin sun kai har 400, to awon Amurkawa ne, sai ki ƙara duba gindin da kyau. In ta dace da wutarmu, ki riƙe cewa 350 nasu shi ne kusan 180 namu, 400 kuma kusan 200.

A yi hattara da ta gwanjo. A watan Fabrairun 2023 an janye tukwane kimanin miliyan 2 na kamfanin Cosori daga hannun jama'a a Amurka, saboda wani haɗin waya a cikinsu yana ɗaukar zafi har ya iya tayar da gobara. Kayan gwanjo kuwa ba ya zuwa da tarihinsa a rubuce. In ya zama dole sai ita, a sa mai sayarwa ya kunna ta a gabanki na minti 10, ki saurari ƙarar fanka, ki shinshina ko akwai ƙaurin roba, ki duba baƙin shafen da ke cikin kwando ko ya fara ɓarewa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

ABIN DA TA ƘWARE A KAI

Yanzu mu shiga kicin. Lokutan da zan faɗa awo ne na farawa, domin tukunya ta fi tukunya zafi. A karon farko ki riƙa leƙawa har ki san halin taki. Kuma yana da kyau ki kunna ta babu komai na minti 3 ta ɗauki zafi kafin ki zuba abinci.

Dankalin Turawa. Uwargida ki fere rabin kilo, ki yanka shi dogo-dogo kamar kaurin ɗan yatsanki, ki jiƙa a ruwan sanyi na minti 30 domin sitacin ya fita. Ki tsame, ki goge ya bushe sarai, ki cuɗa da mai babban cokali 1. Digiri 180, minti 18 zuwa 22, ana girgizawa sau biyu. Gishiri sai bayan an sauke. Dankalin Hausa ma haka ake masa, sai dai shi yana da zaƙi, yana saurin yin baƙi, don haka ki fara dubawa daga minti 14.

Doya. Nan ne mutane da yawa suka yi fushi da tukunyar, domin ɗanyar doya in ta shiga kai tsaye sai ta bushe ta yi tauri kamar itace. Maganin abin shi ne ki tafasa yankakkiyar doyar da gishiri na minti 5, ki tace, ki bar ta ta sha iska, ki shafe ta da mai, sannan digiri 200 na minti 15. Za ta fito bayanta ƙaras-ƙaras, cikinta da laushi, irin dundun da muke saya a bakin hanya. A ci da yaji ko miyar ƙwai.

Agade. Nunanniya in an yanka ta, a shafa mata mai kaɗan, a jera ta ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, digiri 180 na minti 10 zuwa 12, a juya a tsakiya. Wadda ba ta gama nuna ba kuma a ɓare ta a sa ta gaba ɗaya ba mai, digiri 200 na minti 15 zuwa 20. Wannan shi ne bolin da maƙwabtanmu Yarabawa suka koya mana, ga shi babu toka babu hayaƙi. In an haɗa da soyayyar gyaɗa, an gama magana.

Gyaɗa. Tunda na ambace ta, bari in faɗa muku cewa tukunyar nan ta ɗauke mana wahalar suya da yashi. A tsince gyaɗar, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi, domin gubar fumfuna ba ta mutuwa da suya. A yayyafa ruwan gishiri kaɗan a bar ta ta bushe, sannan digiri 160 na minti 12 zuwa 15, ana girgizawa a kai a kai. Kada ki ɗanɗana da zafi ki ce ba ta yi ba, sai ta huce take yin ƙaras.

Kaza. A nan sai an bambance. Kazar gidan gona tana da taushi da kitse, ana sa ta ɗanya. Ki tsattsaga cinyoyin, ki cuɗe su da citta da tafarnuwa da barkono da gishiri da ruwan lemun tsami, ki ajiye a firij na awa 1 ko fiye, sannan digiri 180 na minti 25, a juya a tsakiya. Kitsen da za ki tarar ya tsiyaya a ƙasan tukunya, shi ne wanda da cikinku zai shiga. Kazar Hausa da zabo kuwa namansu da ƙarfi, dole a sulala su tukuna da albasa da kayan ƙamshi kamar yadda muka saba, a tsane, a shafa mai, sannan digiri 200 na minti 10 su yi ja. Romon kuma a yi miya da shi. Alamar kaza ta nuna ita ce ki soka wuƙa kusa da ƙashi, ruwan da zai fito ya zama fari tas babu jini. Mai ma'aunin zafin nama, ta tabbatar ya kai digiri 75.

Tsire. Iyayenmu maza na baya na ga sun gyara zama. A sami nama marar jijiya, a yanka shi fale-fale, a cuɗa da man gyaɗa, sannan a barbaɗe shi da yajin ƙuli-ƙuli mai citta da barkono, a daddanna da tafin hannu ya kama. Man nan wajibi ne, in babu shi fanka za ta kwashe garin ƙulin ta watsa shi kan ƙarfen wuta ya yi ta hayaƙi. In za a soke a tsinke, a jiƙa tsinken a ruwa, a datse shi daidai faɗin kwando. Digiri 200, minti 8 zuwa 10. Zan faɗa muku gaskiya: ba zai yi ƙamshin hayaƙin nan na tukubar Obalende ba, don haka masu sana'ar tsire su kwantar da hankalinsu. Amma na cin gida, da albasa da tumatir a gefe, ba wanda zai mayar miki da kwano da saura.

Kifi. Karfasa a wanke da lemun tsami, a tsaga jikinta sau uku kowane gefe, a cusa kayan yaji, a shafa mai a jikinta da kuma ƙasan kwando don kada ta manne. Digiri 190, minti 15 zuwa 18. Titus kuwa da mansa ya zo, ba ya buƙatar ko ɗigo, minti 12 zuwa 15 a digiri 180 ya ishe shi. Mu da muke zaune a gidajen haya, ɗaki na kallon ɗaki, mun san yadda suyar kifi a kasko ke fantsama da cika baranda da ƙarni. Wannan ta rage shi ƙwarai.

Awara. A matse ta da kyau, a yanka, a cuɗa da mai da ɗan gishiri, digiri 190 na minti 12 zuwa 15. Awarar kasko kowa ya san yadda take shan mai kamar soso. Ta nan ba ta sha sai wanda kika shafa mata.

Kayan miya. Wannan dabara ce da ba kowa ya sani ba. Ki raba tumatir biyu, ki haɗa da tattasai da attaruhu da albasa, ki gasa a digiri 200 na minti 15 kafin ki markaɗa. Ruwan tumatirin zai ragu, tsaminsa ya faɗa, miyar kuma ba za ta daɗe a kan gas ba.

Sai ɗumame. Samosa ko ƙosai ko waina ko soyayyen dankalin da ya kwana a firij, minti 3 zuwa 4 a digiri 160 ya dawo da shi kamar yanzu aka kwashe. Da azumi, wannan kaɗai yana rage wa uwargida tsayuwa.

ABIN DA BA TA IYAWA

Duk abin da yake ƙullu ne mai ruwa, ba nata ba ne. Ƙosai da fanke suna tashi ne saboda tafasasshen mai ya kama bayansu nan take, ya rufe iskar da aka buga a ciki. In kika zuba ƙullun a kwando, zai bi ta hujin ya tsiyaye. Wasu suna zubawa a ƙananan gwangwanaye su gasa, abin yana ciwuwa, amma tsakanin alale da ƙosai yake tsayawa, kada ki kai wa surukarki da sunan ƙosai. Waina tana nan a tandarta. Cincin yana yiwuwa a digiri 160 na minti 10, sai dai ɗanɗanonsa ya fi kama da biskit, kuma wadda za ta yi na biki ko na sayarwa bokiti-bokiti, kasko ne abokin tafiyarta.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne naman layya. Suyar da iyayenmu ke yi wa naman Sallah, ana daɗewa ana juya shi cikin kitsensa har ruwan jikinsa ya ƙone ƙaf, shi ya sa yake daɗewa a ajiye bai lalace ba. Naman da ya yi minti 15 a tukunyar iska bayansa ne kawai ya bushe, cikinsa da danshi. In kika zuba shi a bokiti kika rufe, a wannan zafi da laimar Legas, zai yi yauƙi ya ɓaci, wanda ya ci kuma ya kwana yana zarya. Nama na ci yau a gasa a tukunya, na ajiya kuwa a ɗora babban kasko ko a sa a firiza.

MAGANAR LAFIYA

Babban cokali 1 na mai yana ɗauke da kalori kimanin 120. Abincin da ya nutse a kasko yana shan cokula da dama, don haka rage mai gaskiya ne, kuma taimako ne ga mai son rage ƙiba ko mai lallaɓa zuciyarsa. Har ila yau ta raba mu da al'adar nan ta maimaita mai guda sau biyar sau shida har ya yi baƙi, wanda masana lafiya suke gargaɗi a kai.

Amma fa tukunya ba asibiti ba ce. Ba ta cire gishiri, ba ta cire dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokali 1, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. Mai hawan jini in ya ci tsiren da aka cika wa gishiri, gasa shi da iska bai tsare shi da komai ba. Haka mai ciwon suga, doya doya ce ko ta ina ta bi. Kowa ya ci gaba da shan maganinsa da bin umarnin likitansa.

Akwai kuma wani abu da masana a ƙasar Suwidin suka gano a shekarar 2002, cewa abinci mai sitaci kamar dankali da burodi in ya sha zafi mai yawa har ya yi duhu, yana haifar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda ake kyautata zaton yana iya jawo ciwon daji. Wannan ya shafi kasko, ya shafi tanderu, ya shafi tukunyar iska. Rigakafinsa shi ne jiƙa dankalin nan da na faɗa, da kuma sauke shi yana ruwan zinariya, kada a bari ya koma ruwan ƙasa.

TSARO DA TSABTA

A jona ta a soket na bango kai tsaye. Wayar jonen nan mai arha da ake cusa wa talabijin da fanka da cajar waya ba za ta iya da ita ba, narkewa take yi, kuma gobara a gidan haya ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. A ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi, a bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango, domin iska mai ƙuna ce ke fita ta bayanta. A nisanta ta daga labule da leda da hannun yara.

In an ɗauke wuta ana cikin aiki, a zare fulogi nan take, kada a manta a fita unguwa wuta ta dawo ba kowa. In kaza ce ko kifi ba su gama nuna ba, a ƙarasa su a kan gas a lokacin, kada a bar su ana jiran wuta har awa biyu ta wuce.

Kada a shimfiɗa takarda a kwando babu abinci a kanta, fanka za ta ɗaga ta ta manna wa ƙarfen wuta. In nama mai kitse ya fara farin hayaƙi, a zuba ruwa cokali 2 a ƙasan tukunya, ƙarƙashin kwando. In baƙin hayaƙi ne, a zare fulogi a jira ta huce kafin a buɗe.

Wanki kuwa duk bayan an yi aiki, da ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi. Soson ƙarfe da cokali mai yatsu su ne ajalin baƙin shafen nan da ke hana abinci mannewa. In abu ya kama, a jiƙa shi na minti 15 zai saki da kansa. Jikin tukunyar mai waya ba ya shiga ruwa, goge shi ake yi.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, mun kasu kashi uku a ɗakin nan. Wadda take da ita a kan kabad, ta sauko da ita gobe, ta fara da agade ko cinyar kaza, su ne ba sa ba da kunya. Wadda take niyyar saye, ta fara duba wutar unguwarsu da yawan bakin da take ciyarwa da rubutun gindin tukunya. Wadda kuma ba ta da hali, kada ta sa wa ranta damuwa, ta rage man da take zubawa a kasko, ta daina maimaita shi har ya yi baƙi, ta riƙa gasa kifi da kaza a kan waya da gawayi wani lokaci, ta sami rabin amfanin ba ta kashe ko kwabo ba.

Ga iyayenmu masu aurar da 'ya'ya kuma, ina roƙo da girmamawa, a duba gidan da yarinya za ta zauna kafin a saya. In babu wuta a can, ƙarin tukunyar gas ko buhun abinci ya fi mata amfani, ku kuma kun huta da bashi.

Tunda an ce gani ya kori ji, ina ba Hajiya shugaba shawara, a taro na gaba mata biyu ko uku masu ita su zo da tasu, mu sayo doya da agade da kifi, kowa ta gani da idonta ta ɗanɗana da bakinta kafin ta yanke shawara.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke ci, Ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.